Wani Yaro Ne Daga Garinmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Hindawiyya, Makka, cikin watan Muharram.

Zuwa ga Magaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Ban san inda za ka ci karo da wannan takarda ba. Na ba ƙanwarka Zainabu ta cusa ta cikin jakarka, ƙarƙashin almakashinka, don na san tela ba ya wuni bai taɓa almakashi ba. In a Bahara ka gan ta, inda direbobin Jidda suke tsayawa shan shayi, kada ka karanta a tsaye. Mayar da ita sai ka sauka, ka yi salla, ka sa wani abu a cikinka. Doguwa ce, kuma ajamina ya tsufa tare da ni.

Za ka yi mamakin mutumin da kuke gida ɗaya da shi ya rubuto maka takarda. Tun da aka sauko daga Arfa tabarmarka take jin tarina, amma duk maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce “an tashi lafiya” da “lafiya lau” ba. Haka aka rene ni, haka aka reni wanda ya rene ni: uba ba ya zama hira da ɗan fari. To, baki ya ƙi. Bari mu gani ko alƙalami ya fi shi ƙarfin hali.

Ga abin da ke gabanmu, in faɗe shi tun da wuri. Hatimin da aka buga maka a fasfo na aikin hajji ne kawai. Bai ba ka izinin zama ba, bai ba ka na sana'a ba. Ranar da jirgin alhazai na ƙarshe ya bar Jidda, duk wanda ya rage ba shi da iƙama, wato takardar zama, ya koma mai ɓuya, kuma in aka kama shi, a sa shi jirgi a rufe masa ƙofa. Kai kuwa ka ce tun da kakarka Iya ta rasu ba ka da kowa a Ringim, ka sayar da kekenka na ɗinki ka zo, kuma nan kake so ka zauna. Ka gaya wa Zainabu, ita ta gaya wa mahaifiyarka, mahaifiyarka ta gaya wa bango ina zaune kusa da shi, cewa ka sami wani mai shagon ɗinki a Jidda da zai tsaya maka kafili, wato ya ɗauki nauyin zamanka a gaban hukuma. Ba ka nemi shawarata ba. Ban ga laifinka ba, don na san abin da ka ji da kunnenka a gaban umda, wato mai unguwarmu. Zan zo kan wannan. Amma da tatsuniya aka yaye ni, ban iya fara labari daga wutsiya ba.

Lokacin da muka bar Ringim, ni da mahaifiyarka da abokina Ɗanjuma, an yaye ka ke nan. Muka bar ka a bayan Iya kamar yadda ake yi da ɗan fari, muka ce mata damina biyu mun dawo. Damina biyun ta same mu a gonar auduga a Sudan muna neman na jirgi, can aka haifi ƙanenka Yusufu. Da muka tsallako daga Sawakin aka ba kowannenmu takarda mai hatimi, irin taka, sai dai tamu ba ta da bango. Muɗawwifinmu, mutumin da aka damƙa mu a hannunsa ya yi mana jagoran aikin hajji, ya karɓe su ya ce mu zo mu karɓa ranar komawa. Aka gama hajji. Na dubi Ɗakin Allah, na tuna hanyar da muka biyo, na ce wa raina, ni baƙon Allah ne, wa zai tambayi baƙon Allah takarda? Ban ƙara taka ƙofar muɗawwifin ba.

Ashe akwai mai tambaya. Sunansa askar, yana da hula da ɗamara.

Na shiga ga-ruwa, sanda a kafaɗa da garwa biyu, ina hawa benayen mutane. Ba lungun da ban sani ba daga Utaibiyya zuwa Zahir, ba don son yawo ba, sai don kowane lungu mafita ne. Wata rana na hango wani mai kaki yana ɗaga mini hannu. Na juya da garwa biyu cike na faɗa lungu, ya biyo ni. Na hau tudu, ya hau. Da numfashi ya ƙare na ajiye sandar, na miƙa masa hannuwana biyu ya ɗaure. Ya dafa bango yana haki, ya ce mini da Larabci, “Ya Hajji, kai wane irin mai ruwa ne? Matata ce ta aiko ni, randarmu ta bushe.” Mai raba wasiƙu ne. Ruwan da ya rage a garwar bai isa alwala ba. Har yau in Ɗanjuma ya ga mai raba wasiƙu sai ya ce, “Isa, ga naka nan, ɗaure wando.”

Ana ba da wannan labari a yi dariya, ni ma ina yi. Amma ga abin da ba a sa wa cikin labarin. Mai ɓuya ba ya fita gari. In na tafi Ringim ɗauko ka, ba ni da ƙofar dawowa wurin mahaifiyarka da ƙannenka. Kowace shekara in ce baɗi, in alhazan garinmu suka zo in ba su ɗan turare da tasbaha su kai wa Iya, in tambaye su damina da farashin gero, in jira ko wani zai ce yaron ya girma. Da baɗi da baɗin nan ka yi gemu. Takarda guda da na raina ita ta mai da damina biyu ta zama duk ƙuruciyarka.

Don haka in ka sauka, kafin ka nemi shagon ɗinki, ka nemi wakilin muɗawwifinka, don a hannunsa fasfon alhazai suke. Ka ga naka da idonka, ka sa a karanta maka ranar da hatimin zai mutu. Buƙatar da aka shigar hatimi yana raye daban take da wadda aka shigar bayan ya mutu: ta farko roƙo ce, ta biyu ban haƙuri ne. Za ka tarar da Hausawa a Jidda, za su ba ka tuwo da wurin kwana, su ce maka, “Zauna abinka, kowa haka ya yi.” Mutanen kirki ne, ci tuwonsu, ka yi musu godiya. Amma ka lura da yadda idonsu yake zuwa bakin ƙofa duk sanda mota ta tsaya. Shawarar kam ka bar musu.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ban kunya, don shi da riga ta addini na yi shi.

Da ƙafa ta fara gajiya na bar ruwa na koma tsire, sana'ar da kake gani ina yi yanzu. Akwai wani mahauci Balarabe da muke sayen nama a wurinsa ni da Ɗanjuma. Mutum ne mai faɗa da safe, mai kyauta da yamma. Wata rana ya ce ya gaji da ganinmu muna shiga ƙarƙashin teburinsa duk sanda askar ya gifta, zai tsaya mana kafili mu biyu, mu je mu kawo hoto. Na ce hoto kam ban da ni.

Ɗanjuma ya ce, “Isa, kai da ka tsallake kogi da hamada da teku, akwatin katako mai ƙafa uku kake tsoro?”

Na ce, “Ba tsoro ba ne. Ranar ƙiyama za a ce a hura wa hoton rai, wa zai hura?”

Ya ce, “Mai ɗauka za a tambaya, ba kai ba. Kuma in an ga irin hotonka, ba wanda zai matsa sai ya tashi.”

Ya je ya zauna gaban akwatin, ya sami iƙamarsa, ya je Madina ziyara ya dawo yana ba ni labarin Rauda, ni ina juya tsire ina cewa gara ni. Na yi shekaru a kan “gara ni” ɗin nan. Ban tambayi kowa ba, don ina tsoron a ce mini ya halatta, ƙin nawa ya tashi a banza. Sai wata rana bayan la'asar na tare wani malami a Harami, an tashi daga karatu, na tambaye shi. Ya ce abin da hukuma ta tilasta don a san mutum lalura ne, je ka yi. Amsar da ta ci mini shekaru, ya ba ni ita yana neman takalminsa. Sai a lokacin na zauna gaban akwatin, mahaucin ya tsaya mini kafili.

Kai ɗan zamani ne, hoto ba zai ba ka tsoro ba, na sani. Amma kowa da irin akwatinsa mai ƙafa uku. Naka, in ban yi kuskure ba, shi ne kada a ce ka roƙi mutumin da bai neme ka ba. Duk abin da ka ji zuciyarka ta kafe a kansa tana cewa gara ni, ka kai shi gaban wanda ya fi ka sani kafin ya ci maka shekaru. Ka kuma ɗauki hoton a Jidda, ka sa a wanke da yawa, don ofishin fasfo ba ya ƙoshi da hoto. In ka je can za a ce maka “bukra”, wato gobe. Kada ka yi fushi, kada kuma ka aiki wani a madadinka, ko da ya ce maka ɗan'uwan matar mai hatimin abokinsa ne. Ka koma goben da ƙafarka, da riga wankakkiya. Kome ka miƙa, ka karɓi 'yar takardar shaida cewa ka miƙa, ka ajiye ta inda gumi ba zai kai ba.

Game da kafili, ban san mai shagon nan ba, ba zan ɓata shi ba. Mahaucina ya riƙe ni da amana har ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Da ya rasu na koma hannun ɗansa tare da wuƙaƙe da ma'auni, kamar ni ma cikin kayan shagon nake. Ɗan ba mugu ba ne, amma in zan je ko'ina sai na nemi fuskarsa a sake. Kafili mutum ne: yana fushi, yana sayar da shago, yana mutuwa. Kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ita da Hausa ba, kuma wanda zai karanta ya zama ba yaron mai shagon ba ne. Na je wurin masu rubuta takardar roƙo da suke zama a bakin ofishin fasfo, na sami dattijon cikinsu na tambaye shi. Ya ce wanda ya shigo da hatimin hajji ƙofarsa ƙunci gare ta, amma wanda ubansa ke da iƙama, in uban ya tsaya ya nema masa, da shaidu biyu da hatimin umda, ƙofarsa ta fi ta wanda ya zo da kafili baƙo. Bai ce tabbas ba ne, ni ma ba zan ce maka tabbas ba ne. Ya tambaye ni, “Yaron yana cikin 'ya'yan da aka rubuta maka?” Na gode masa na tashi.

To, mun zo wutsiyar.

Ranar da aka rubuta mini iƙama, Ɗanjuma ne ya raka ni, don Larabcina a lokacin na sayar da tsire ne kawai. Magatakardan saurayi ne mai tabarau. Ya tambayi sunana na faɗa. Ya tambayi sunan mahaifina, na dubi Ɗanjuma, shi ya faɗa, don tun da nake ban taɓa kiran sunan Malam da bakina ba. Sai ya ce, 'ya'ya nawa? Na ce biyu, Yusufu da Zainabu. Ɗanjuma ya taka mini ƙafa.

Ya ce da Hausa, “Na wurin Iya fa?”

Na ce, “Wannan ai na Iya ne.”

Ya ce, “Isa, nan ba zauren Ringim ba ne. Mutumin nan ba surukinka ba ne, rubutu yake yi.”

Magatakardan ya ɗago ya ce akwai wani ne? Na duba cikin bakina na tarar da nauyi biyu. Kai ɗan fari ne, kuma sunan Malam aka sa maka. In na ce akwai, zai ce wa sunansa, kuma wannan karon ba zan iya aron bakin Ɗanjuma ba, don uba ake tambaya. Na ce babu. Ya ja layi ya buga hatimi. Na fito ina jin na yi abin da ɗan mutunci yake yi. A garinmu in aka tambayi mutum 'ya'yansa ya tsallake na fari, kowa ya san abin da yake nufi, har a ce wane yana da kunya. Ban san cewa takarda ba ta san kunya ba. Abin da ka faɗa mata shi take riƙewa, ta kuma maimaita shi bayan shekaru ba ragi.

Kai ma taka takardar ba ta taimake mu ba. Zainabu ta ce ka gaya mata a fasfonka sunanka na yanka aka rubuta, sai sunan garinmu, yadda 'yan boko suke yi. A nan kuwa mutum sai da ubansa da kakansa. Ka ga ke nan, a takardata ba ni da kai, a takardarka ba ka da ni. In magatakarda ya ajiye su gefe da gefe, baƙi biyu zai gani waɗanda suka yi kama a hanci.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, sai in ce ƙuruciya ce. Amma ka san abin da ya faru makon jiya. Muna dawowa daga sallar la'asar, kana bayana, umda yana zaune a bencinsa na ƙofar gida da mutanensa. Shi ne mutumin da hatiminsa yake shaida wane ɗan wane ne a unguwar nan. Ya kira ni yadda kowa yake kirana, ya ce, “Ya Abu Yusuf, wane ne wannan saurayi da nake gani tare da kai?” Bakina ya riga hankalina. Na ce, “Wani yaro ne daga garinmu.” Ya ce marhaba da shi. Na ji takunka ya tsaya a bayana, sa'an nan ya ci gaba.

Na san Iya ta rene ka, ka san al'ada, ka san abin da wannan magana take nufi a Ringim. Amma na san kuma mutumin da ya sayar da kekensa, ya tsallake teku don ya ga uban da bai taɓa sanin fuskarsa ba, ba al'ada ya zo ji ba. Washegari ka fara tambayar motar Jidda.

Zainabu a Makka aka haife ta, ba ta san waɗannan abubuwa ba, kuma ba ta da niyyar sani. Da labari ya iso gida ta tsaya a kaina ina jera nama a tsinke, ta ce, “Abuya, wallahi aib ne. Yayana ne, kai kuma ka ce walad daga balad? To ni ma gobe ka ce wata yarinya ce daga Hindawiyya.”

Na ce, “Ke ba ki san kunya ba.”

Ta ce, “Na sani. Ita nake ji tun jiya.”

Na juya wurin mahaifiyarku neman agaji, don ita ma tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, har yau in za ta ba ka abinci sai ta ce a kai wa baƙo. Tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce, “Malam, kada ka dube ni. Ni ba wanda ya tambaya. Da ni umda ya tambaya da na yi shiru, shiru kuwa ba a rubuta shi. Kai ne ka yi magana.” Sai ta ƙara da cewa, muryarta ƙasa-ƙasa, “Na bar shi sau ɗaya yana bayan Iya. In jirgi ya tafi da shi wannan karon, ka san wanda zai ba ni amsa.”

Jiya da yamma na sa babbar rigata na koma bencin umda. Na jira mutane suka ragu, na ce masa yaron nan da na ce na garinmu ne, ɗana ne, na fari. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni kamar na ce na manta ina da hannun dama. Ya ce, “Kun yi faɗa ne?” Na ce a'a. “Kana shakkar naka ne?” Na ce Allah Ya tsare. Na yi ta ƙoƙarin bayyana masa cewa a wurinmu abin da ya fi girma a zuciya shi ake rufewa, kuma yaron sunan mahaifina gare shi. Ya saurara har na gama, mutum ne mai haƙuri. Sai ya ce, “Ya Hajji Isa, mu a nan ranar da aka haifa wa mutum ɗan fari, ranar sunansa yake ɓacewa, da sunan ɗan ake kiransa har kabari. Shekara da shekaru muna ce maka Abu Yusuf kana amsawa, ashe hakkin wani muke ba ƙanensa. To daga yau Abu wa za mu ce?”

Na buɗe baki. Allah shaida ne na buɗe. Abin da ya fito tari ne.

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ni ba na buga hatimi a kan sunan da ban ji daga bakin uba ba, balle uban da ya gaya mini wata magana makon jiya. Kawo yaron, kawo fasfonsa, kawo mutum biyu da suka san haihuwarsa. Ka faɗa a gabansu, in rubuta, in kuma rubuta cewa tsallake shi da aka yi a takardarka kuskure ne. Sauran na ofishin fasfo ne da Allah.”

Shaida na farko Ɗanjuma ne, ya ci naman sunanka, ya ce har yau yana tuna ragon ramamme ne. Na biyu Malam Garba da kuka zo tare, wanda gidansu yake jikin na Iya. Yana masaukin alhazai a Jidda yana jiran jirgi. Ka neme shi ranar da ka sauka, ka gaishe shi, ka ce Isa yana roƙonsa don zumunci ya biyo ka Makka kafin a kira jirginsu. In ya tafi, in ka cire Ɗanjuma ban san wani a ƙasar nan da ya san ka tun kana goye ba.

Ba na hana ka ganin mai shagon. Je ka gan shi, ka nuna masa hannunka, ɗinki sana'ar mutunci ce, kuma ko an ba ka iƙama aiki za ka nema. Amma kada ka ba shi fasfonka, kada ka sa yatsa a komai tukuna. Ka karɓo fasfon ko ka zo da wakilin muɗawwifi da shi, ka zo da hotuna, ka zo da Malam Garba, ku yi Juma'a a Harami. Ranar Asabar da hantsi mu je wurin umda. In ka ga ba za ka iya dawowa ba, ka zaɓi kafili baƙo a kan uban da ya ce kai yaron garinsu ne, ba zan ce ka yi laifi ba. Amma ina roƙonka ka dawo. Ka lura, roƙo na ce. Wannan ma ban taɓa yi ba.

Abu ɗaya kuma, don wata rana kai ma za ka haifi na fari. Ban ce ka yar da kunya ba. Ita ta sa muka zauna lafiya da surukai da maƙwabta, kuma ni da ita za a binne ni. Amma ka san inda za ka tuɓe ta ka ajiye kamar takalmi. Duk inda hakkin wani yake rataye a bakinka, gaban alƙali, gaban mai rubutu, ko gaban yaron da yake tafiya a bayanka yana sauraro, ka faɗi abin da yake, da sunansa.

Tun jiya nake gwadawa. In na sunkuya hura wuta a wurin tsire, hayaƙi ya rufe ni, sai in faɗe shi a hankali. Ɗanjuma ya kama ni ina yi, ya ce, “Da ƙarfi, Isa, umda kunnensa ɗaya ne.” Rabin farko yana fita, rabin ƙarshe yana maƙalewa. Zuwa Asabar, in Allah Ya so, zai fita duka. In ka ga na tsaya ina tari, kada ka taimake ni, kada ka bar Ɗanjuma ya taimake ni. Ku jira.

Allah Ya tsare ka a tafiya da dawowa, Ya kare ka daga mugun abokin shawara, Ya buɗe maka ƙofar da ta fi alheri. Allah Ya jiƙan Iya da ta riƙe mana kai, Ya jiƙan Malam mai sunanka. Mahaifiyarka ta ce a gaya wa baƙo akwai dambun nama a ƙasan jakar, kada ya raba wa 'yan mota duka. Yusufu da Zainabu suna gaishe ka.

Bari in fara da alƙalami, ko baki zai ga hanya.

Ni ne mahaifinka,
Isa, Abu Haruna.